Asabar Biyu a Bakin Kogin Saɓani

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba rana hanya ya ba wata zango, ya sa gabas ta farka yamma tana minshari. Ku matso ku ji, ku da ba ku taɓa wayar gari inda ba ku san alƙibla ba. Ni ne Shekarau ɗan Nomau, mai zanen ƙwarya, wanda ya makara tun daga cikin uwarsa. Saboda haka kada wanda ya yi mamaki in ya ji cewa babbar rigimar da na yi a duniya da lokaci na yi ta.

Zanen ƙwarya gado na yi, amma tun ina saurayi na gaji da zana wa mata ƙadangare suna tsaye a kaina suna cewa wutsiyar ta yi gajarta. Na ce duniya zan zana, dukkanta, da kogunanta da duwatsunta da inda kowane gari ya tsuguna. Na ɗauki wuƙar zane, da buzun akuya da zan yi zanen a kai, da wata igiya da nake yi wa ƙulli ɗaya kowace faɗuwar rana don kada kwana ya ɓace mini, na sa kai.

Bayan wata tara na shiga Ƙasar Cibiyoyi Bakwai. Garuruwa bakwai ne, kowanne da wani dutse a tsakiyar kasuwa da ake shafa wa mai, ana cewa shi ne cibiyar duniya. A gari na farko na shimfiɗa buzuna gaban sarki, ya duba ya ga garinsa can gefe wajen ƙafar akuyar, ya sa aka yi mini bulala goma sha biyu masu kyau. Da bayana ya huce sai hankalina ya dawo. Na sayi wani ƙaton duma da ba a fafe ba, mulmulalle, na mai da zanen duniya a jikinsa. Daga nan duk sarkin da na je gabansa sai in juyo masa da garinsa ya fuskance shi, ya ga kansa a tsakiya, ya yi ta gyaɗa kai, a ba ni riga. Riguna shida na ci ta haka. Ta bakwai, ta garin da aka yi mini bulala, ita ce ban ci ba, domin jakadun sarakunan sun haɗu wajen wani biki, kowanne ya bugi ƙirji ya ce mai duma ya tabbatar musu, aka duba aka ga duman ɗaya ne. Na bar musu rigunan, na ɗauki dumana na ari ta kare.

Waɗanda suka cece ni wasu mata ne da ake kira 'Yan Hantsi, masu sayar da koko da ƙosai. Suna da wani kwando mai girman ɗaki, rataye a ƙarƙashin fatu da aka ɗinke, wata iska mai suna Korau tana kwasarsu yamma da gudun da ido ba ya bi. Muka sauka wani gari da hantsi, suka sayar, muka tashi. Muka yi tafiya mai nisa muka sauka wani garin, na ga mutane suna fitowa da kwanuka suna mutsuttsuka ido, rana tana nan inda na bar ta. A gari na uku na kasa haƙuri na tambayi babbarsu.

Ta ce, "Kai da kake yawo da duniya a hammata ba ka san wannan ba? Rana ba ta yi wa duniya sallama gaba ɗaya, gida-gida take bi. Garin da muka baro yanzu azahar suke. Na gaba ko asuba ba su yi ba. Mu kuwa uban wa zai sayi koko da azahar? Sai mu bi safiya duk inda ta nufa."

Na karya kumallo sau goma sha ɗaya a jere. Na yi barci na farka, na sake yi na farka, hantsi yana nan. Na ɗauko igiyata na rasa ƙulli nawa zan yi, tun da rana ba ta faɗi ba, ga shi kuma gemuna ya ƙaru. Da suka gaji da cin ƙosaina suka sauke ni a gabashin wani babban kogi, ban san ko ranar wace rana ce ba.

A bakin kogin na tarar da kwalekwale ɗaya tak, da wata tsohuwa 'yar ƙarama mai damtsen maƙera, ana ce mata Gwaggo Yalwa. Ita kaɗai ke fito a wannan ruwa. Tare da ita akwai 'yarta mai tsohon ciki, za ta koma gidan mijinta a tsallake. Na shiga muka tafi. Ba mu kai rabi ba yarinyar ta dafe mara ta kira sunan Allah. Gwaggo ta cilla mini matuƙi, wato itacen tuƙa jirgi, ta ce, "Juya bayanka, ɗan nan, ka tuƙa mu, kada ka kuskura ka waiwayo."

Ni kuwa tun da aka haife ni ruwan da na sani na randa ne. Na tsoma itacen nan na ja, jirgi ya juya. Na sake ja, ya sake juyawa. Haka muka yi ta katantanwa a tsakiyar kogi, gabas ta zama yamma, yamma ta zama gabas, har na ji kukan jariri a bayana. Namiji ne. Na yi murna ƙwarai, ban san wuyana aka haifa wa wuƙa ba.

Kafin mu kai gaɓa Gwaggo ta ba ni labarin wurin. Sunan kogin Saɓani. Garin yamma Tudun Tarba, na gabas Tudun Rakiya. Kakanninsu wa da ƙane ne, a can ɗaya gefen duniya, suka yi gardama a kan yadda ya kamata a girmama rana. Ƙanen ya ce babban baƙo tarbarsa ake yi, ya kwashi iyalinsa ya yi gabas. Wan ya ce rakiya ta fi, ya kwashi nasa ya yi yamma. Suka yi ta tafiya, kowanne yana ƙirga kwanansa ba fashi, har jikokinsu suka yi kiciɓis a nan, kogi a tsakani. Aka rungume juna, aka yi kuka, sai wani ya ce bari a yi shirin masallaci tun da yau Juma'a. Na tsallake suka ce a'a, yau Alhamis. Shekara ɗari uku ke nan ba a gama wannan maganar ba. Mutanen Tarba suna kiran na Rakiya 'Yan Jiya, su kuma suna kiransu 'Yan Gobe.

Na ce, "To, Gwaggo, yau wace rana ce?"

Ta ce, "A Tarba Laraba, a Rakiya Talata. Uban yaron nan ɗan Tarba ne, zai ce Balarabe aka haifa masa. Dangina za su ce Ɗantala ne. Da a gaɓa ya faɗo da babu magana. Kai ne ka riƙe jirgi, kai za a tambaya a ruwan wa aka haife shi."

Sunan yanka ba shi da rigima, liman zai raɗa abinsa. Sunan rana ne abin faɗa, don shi za a kira yaro da shi a kasuwa har ya tsufa, kuma duk wanda ya kira shi ya bi lissafin gefe ɗaya ke nan.

Kashegari aka ɗaure jirage a tsakiyar kogi aka yi fada a kansu, domin babu sarkin da zai taka ƙasar ɗan'uwansa. Sarkin Tarba, Tunau, dogo ne mai saurin magana. Sarkin Rakiya, Jatau, ƙato ne mai nauyin baki, sai ya gama tauna goro yake amsa gaisuwa. Aka gurfanar da ni. Gaba kura, baya siyaki. Da ina da wayon da nake taƙama da shi da na ce jiri ya ɗebe ni ban ga komai ba. Amma daren jiya na kwana ina juya dumana, abin da babbar 'Yan Hantsi ta faɗa yana yi mini yawo a ka, har na gano bakin zaren, kuma wanda ya gano abu bakinsa ƙaiƙayi yake yi.

Na ce, "Allah ya ja zamaninku, a ba ni dunƙulen fura."

Aka ba ni. Na ɗaga shi na ce wannan ce rana, na riƙa zagaya duma da shi. Na nuna musu cewa wanda ya tafi tarbar rana kullum yana haɗuwa da ita da ɗan sauri fiye da jiya, kwanansa yana ɗan gajarcewa, guntu-guntu har ya tara ribar rabin kwana kafin ya zo bayan duma. Wanda ya raka ta kuwa kullum yana ɗan riƙe ta da hira, kwanansa yana ɗan tsawo, har ya yi asarar rabin kwana. Rabi da rabi, kwana ɗaya ke nan. Na ce, "Kakanka bai yi kuskure ba, ranka ya daɗe. Kai ma naka bai yi ba. Ku duka kuna da gaskiya."

Na tsaya ina jiran riga.

Sarki Tunau ya ce, "Wato kana nufin 'Yan Jiya ba su yi kuskure ba?"

Sarki Jatau ya tofar da goro ya ce, "A gabana kake cewa 'Yan Gobe suna da gaskiya?"

Ashe kowannensu zai iya jure a ce ya yi kuskure, ya yi faɗa ya huce, amma a ce na tsallake yana da gaskiya, wannan ba ta haɗiyuwa. Baki shi ke yanka wuya. Nan take aka yanke mini hukuncin kisa. Aka tambayi ranar da hauni zai yi aikinsa, tun da ba a zubar da jini ran Juma'a, sai su biyun suka ce "Asabar" a tare. Fadawa suka ce tun da aka kafa garuruwan ba a taɓa jin sarakunan sun haɗa baki a kan kalma ɗaya ba sai a kaina. Ban ji daɗin wannan girma ba ko kaɗan.

Sai rigimar wanda zai tsare ni ta tashi, don babu mai yarda da wani. Aka shirya in kwana ɗaya nan, ɗaya can, Gwaggo Yalwa tana ƙetarar da ni kowace faɗuwar rana, kowane sarki ya rantse da kabarin kakansa ba zai riƙe ni ya wuce ƙa'ida ba. Sarki Jatau ya ce shi zai fara, tun da kakansa ne wa. Ni kuwa hannuwana suna ɗaure a baya, yatsuna suna aiki. Gobe Juma'ar Tarba, jibi Asabar ɗinsu, gata Asabar ɗin Rakiya. In na fara da Rakiya, jibi ina Tarba ranar Asabar ɗinsu, shi ke nan an gama da ɗan Nomau. In kuwa na fara da Tarba, wata magana ce.

Na fashe da kuka na ce, "Ranku ya daɗe, ni mai mutuwa ne, amma kada a ce a kaina aka ɓata al'ada. A ƙasarmu baƙo tarbarsa ake fara yi, sannan a raka shi. Ban taɓa jin inda aka raka mutum kafin a tarbe shi ba."

Sarki Tunau ya yi zumbur ya ce wannan magana haka take, sunan garinsa ma ya isa shaida. Sarki Jatau ya gama tauna goronsa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ku tarbe shi. Ni zan raka shi, har lahira." Fadawansa suka yi ta shewa, babu wanda ya tsaya ya ƙirga.

Na yini a Tarba ranar Juma'arsu, da yamma aka ƙetarar da ni Rakiya. Gari na wayewa sai ga haunin Tarba ya sa Gwaggo ta kawo shi, da takobinsa ya sha wasa, ya ce yau Asabar, a ba shi mutuminsa.

Sarki Jatau ya ce, "Asabar a gidan wa? Je ka gaya wa ubangidanka yau Juma'a, masallaci za mu. In shi ya saba cin tuwon gobe yau, mu ba mu saba ba."

Hauni ya koma da takobinsa a kube. Da rana ta yi ja, waziri ya raɗa wa Sarki Jatau wani abu a kunne, na ga goro ya tsaya masa a kumatu. Amma rantsuwa ta riga ta fita, ga kuma dukan Tarba a tsallake sun zuba ido su ga ko 'Yan Jiya za su ci kabarin kakansu. Dole aka sa ni a jirgi. Da safe haunin Rakiya ya iso Tarba, shi ma da nasa takobin.

Sarki Tunau ya ce, "Asabar ta wuce jiya, mun aiko kun hana. A ƙasata ba a yanka mutum ran Lahadi a ce Asabar ce. Ku dai kullum sai an kwashe kasuwa kuke zuwa da tallanku."

Ranar nan na ci tuwo malmala uku. Na yi wa masu gadina waƙa, na ba su labarin 'Yan Hantsi, har na fara tunanin ko in nemi aure a garin. Da yamma a cikin jirgi ina ta yi wa Gwaggo Yalwa fankama, tana tuƙi har muka kai tsakiya.

Ta ce, "Ɗan nan, mako kwana nawa ne a ƙasarku?"

Na ce bakwai.

Ta ce, "Nan ma haka. Bakwai ba ta rabuwa biyu. Sake taɓa yatsun nan naka."

Na taɓa. Rakiya, Tarba, Rakiya, Tarba, Rakiya, Tarba. Asabar ɗin Tarba mai zuwa a Tarba za ta same ni, a hannun Sarki Tunau, ba mai cewa yau Juma'a. Murna ta koma ciki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na farko ya zo mini ba shiri, wannan kuwa kwana biyar aka ba ni in zauna da shi.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na yi ciwon ƙarya don a bar ni in ƙara kwana a Rakiya, aka ɗauke ni a kan tabarma aka sa a jirgi. Na aika wa Sarki Jatau cewa abin kunya ne 'Yan Gobe su riga shi, ya ce ya sani, amma rantsuwa ta fi ni tsada. Ranar suna ina ɗaure a Rakiya ina jin maroƙa biyu a tsakiyar kogi, ɗaya yana kururuwar Balarabe, ɗaya yana Ɗantala, har aka ji faɗuwar mutum a ruwa. Tuwon ma na daina ci. A tsallake kuwa kullum da hantsi ina jin haunin Tarba yana wasa takobi, kuma na tabbata da gangan yake zama kusa da ruwa.

Ranar Juma'ar Tarba da yamma dogaran Rakiya suka kai ni gaɓa. Dogari ba ya shiga jirgin Gwaggo da fursuna, don ba a yarda mai tsaro ya wuce rabin kogi ba. Mutane sun cika gaɓa biyu maƙil. Muka kai tsakiya, inda ruwa ya fi gudu, sai tsohuwar nan ta sunkuya kamar mai kwashe ruwa, ta yanke igiyar hannuna, ta tura mini matuƙi.

Ta ce, "Tashi tsaye ka tuƙa, yadda kowa zai gan ka."

Na ce, "Gwaggo, ai kin san ban iya ba."

Ta ce, "Duk garin nan an sani. Shi ya sa."

Ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu, wai fursuna ya ƙwace mata jirgi. Ni kuwa na tsoma na ja da iyakar gaskiyata, muka fara katantanwa, ruwa ya kwashe mu ya yi kudu da mu. Ina hango sarakunan biyu suna tsalle a gaɓa, kowanne yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Da muka sha kwana ta daina ihu, ta karɓi abinta ta miƙe jirgi, ta ɗauko ƙuli-ƙuli ta ba ni.

Kwana biyu muna gangarawa. Na yi ta yi mata godiya har da hawaye, na ce ban taɓa ganin mai tausayi irinta ba.

Ta ce, "Tausayi? Kai dai Allah ya yi ka da surutu. Abin nan da ka nuna da dunƙulen fura, uwata ta nuna mini shi da gauta tun ban yi haƙori ba. Matan gaɓa biyun nan duk mun sani. Kasuwar Juma'a biyu muke ci a mako. Wadda mijinta ya ce gobe zai yi mata faɗa sai ta ƙetaro ta ce gobe ta wuce. Kai kuma ka zo, a mako ɗaya ka sa sarakunan nan sun haɗa baki a kan Asabar. In suka yanka ka tare, wa ya san abin da za su haɗa baki a kai gaba? In ka zauna da rai kuma wata rana wani zai gane maganarka. In kwana ya zama ɗaya, uban wa zan riƙa ƙetararwa?"

Na tambaye ta yaron, wane suna ya ci.

Ta ce, "Maza suna can suna yi. Mu Baƙo muke ce masa, tun da da zuwanka ya zo."

Wannan ta shige ni. Ita kuwa sai ta miƙo wuƙar da ta yanke mini igiya ta ce in kankare kogin Saɓani daga jikin dumana, kada wani mai ilimi ya bi zane ya sake zuwa musu. Shi ne abu mafi girma da na gano a duk yawona, na zana shi da kyau, har da 'yan garuruwan biyu suna harara. Na dubi wuƙa, na dubi ruwa, na dubi damtsen Gwaggo. Na kankare.

A bakin teku ta sauke ni a wani tsibirin yashi da ke tsakiyar kogin, ba ya Tarba ba ya Rakiya, bishiyar giginya uku ce a kansa da wata 'yar rijiya. Ta ajiye mini ƙullin gari, ta ce in kwantar da hankalina, jirgin fatake yana wucewa ta nan sau ɗaya a mako, in na tsaya a kan tudu na kaɗa riga zai ɗauke ni, in kuwa na yi barci ya wuce sai wani makon.

Na ce, "Wace rana yake wucewa, Gwaggo?"

Ta tura jirginta cikin ruwa ta ce, "Asabar."

Na bi ta da gudu har ruwa ya kai mini gwiwa, ina kira, "Asabar ɗin wa?"

Ba ta waiwayo ba. Kafaɗunta kawai na ga suna rawa, tana tuƙi tana hawa ruwa har ta ɓace. Ni Shekarau, da na yi kwana tara ina roƙon Allah kada Asabar ta zo, na hau tudu na tuɓe riga na riƙe a hannu, na zauna jiran duka biyun.

Iyakar abin da ya same ni a Saɓani ke nan. Wanda ya ce ƙarya na yi, ga hanya nan, ya je ya tambaye su yau wace rana.